Zanen Zumuntar Milka

Sau biyu Milka ta je asibitin nan na Kafanchan, sau biyu ta dawo da maganin ciwon da ba shi ke damunta ba.

Abin da ke damunta jini ne. Shekara takwas da ɗaukewar al'adarta, ta yi sallama da tsumma, sai ga shi a farkon damina, ana tsakiyar shukar citta, ya dawo. Da fari ɗigo ne, kamar an goga wa zane jan goro. Kafin citta ta rufe ƙasa da ganye, sai ta tanadi tsumma uku kafin ta fita gona. Ba ta faɗa wa kowa ba. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'yarta Emilia kuma ga ciki. Takan wanke tsummokin a rafi da sassafe, ta shanya su a bayan rumbu inda kaji kaɗai ke zuwa.

Ta san wannan jinin. Ta gan shi a jikin yayarta Miriyam. Miriyam ta buɗe baki ta faɗa, aka kai ta Jos, aka ce sai an yanka, aka yanka. Bayan wata biyu ta dawo cikin akwati a bayan motar ɗaukar doya. Tun daga ranar Milka ta ajiye a ranta cewa bakin mutum ne ke kai shi ƙarƙashin wuƙa.

Da son samu ne da ba ta taka asibiti ba sam. Jiri ne ya kayar da ita a kunyar citta, surukinta Gershon kuma yana wurin da fartanya a hannu.

Gershon mutumin kirki ne, kirkinsa kuwa ya yi mata yawa. Damina uku ya yi yana noma mata kafin a ba shi Emilia, kuma har yau, da yaro ɗaya da na biyu a hanya, bai daina ba. Yana da babur, ya gama sakandare, yana jin Turanci. A garinsu suruki ba ya sauke uwar matarsa a ƙofar asibiti ya koma gindin mangwaro yana jira kamar ɗan acaba. Yakan shiga da ita har gaban likita, ya tsaya a bayanta, ya yi magana a madadinta. Haka ake sanin ɗan mutunci. Ita kuma shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa kiran sunansa ba, Baban Kevin take ce masa, ba ta cin abinci a gabansa, ko ɗankwalinta ba ta gyarawa idan yana kallo. To da wane baki za ta ambaci abin da ke ƙarƙashin zanenta yana tsaye a kanta?

Zuwan farko likita ya ce, "Mama, me ke damunki?"

Ta dubi likita, ta ji numfashin Gershon a ƙeyarta. Ta ce, "Jiri."

"Maleriya ce, dokta," in ji Gershon. "Cikin ruwan sama take aiki, ba ta jin magana."

Aka ɗibi jini a yatsa, aka ce akwai maleriya 'yar kaɗan. Waye ba shi da ita da damina? Aka rubuta magani.

Zuwa na biyu ta ce baya. Aka ba ta maganin ciwon jiki da jajayen ƙwayoyi na ƙarin jini. Ko kujerar ba ta yi ɗumi ba aka kira na gaba.

Daga nan ta shiga ɓata asibitin a ko'ina. A wurin niƙa, a bakin rijiya, a taron zumuntar mata na ranar Alhamis. "Yaran nan ba su san aiki ba," take cewa. "Ko taɓa mutum ba sa yi. Rubutu kawai, kamar masu yanka tikiti a tasha." Kuma rabin zuciyarta ya yarda da hakan. Ba likita ba ne? In ya iya aikinsa, sai an faɗa masa? Ta zauna a gabansa idonta cike da magana, bai ɗago ya karanta ba.

Ranar wata Lahadi ta watan Nuwamba asirin ya tonu.

Matan zumunta ne ke da waƙa ranar. Duk sun sha zanensu iri ɗaya, mai farin ƙasa, da farar riga. Milka ce mai kaɗa tulu, shekara ashirin ke nan, tana zaune a kujerar gaba da tulun tsakanin gwiwoyinta. A tsakiyar waƙa ta biyu ta ji ɗumi ya sauko. Ba ɗigo ba. Ta ci gaba da kaɗawa, tana roƙon Ubangiji kada waƙar ta ƙare. Waƙar ta ƙare. Mata suka miƙe za su koma mazauninsu a jere, ita ma dole ta miƙe.

Wani ya manne mata ta baya. Asibi ce, ƙawarta tun suna 'yan mata, mace mai jiki wadda ke cika wurin mutum biyu a benci. Ta kwance mayafinta ta ɗaura mata a ƙugu kamar da wasa, ta tura ta ƙofar gefe, tana rera amshi da ƙarfi don kada kowa ya waiwayo.

A bayan coci, kusa da tulin itacen girkin Kirsimeti, Asibi ta juya ta ta duba zanen.

"Yesu! Milka, tun yaushe?"

"Ba komai ba ne."

"Ba komai? An yanka akuya a kanki kike ce mini ba komai? Tun yaushe, na ce."

"Tun shuka."

"Tun shuka. Yanzu ana haƙa." Asibi ta ƙirga da yatsu, ta bari. "Ke ce kullum likita bai iya ba, likita bai iya ba. Kin faɗa masa?"

Milka ta juya kai ga tulin itacen.

"Boka ne shi da zai duba a ƙasa? Kin kai masa kai, ya ba ki na kai. Kin kai masa baya, ya ba ki na baya. Saura ki kai masa gashi ya yi miki kitso."

"Baban Kevin na tsaye a kaina, Asibi."

Nan Asibi ta rufe baki. Ita ma tana da suruki.

"Kuma kin ga Miriyam," in ji Milka a hankali.

"Na ga Miriyam. Ni na yi mata wanka. Shekara biyu ta yi tana ɓoyewa kafin ta faɗa, wannan ba ki ƙirga shi. Talata za mu tafi, ni zan raka ki."

Ba a wanke zanen ba. Ranar Lahadin ta kwanta ba ƙarfi. Litinin kuma tsakar gidanta cike da mata masu tsaga citta tun safe har yamma, ba halin ta fito da zanen zumunta a wannan kama. Ta naɗe shi ta cusa a baƙar leda. Da safiyar Talata ta tuna Emilia za ta zo share mata ɗaki, kuma Emilia ba ta barin lungu. Sai ta jefa ledar cikin jakarta, a ƙarƙashin katin asibiti da ragowar magunguna.

Asibi ta iso da shirinta. Gershon ma ya iso, don labarin zuwa asibiti ya riga ya kai gidansa.

"Mama Asibi, ina kwana? Ina zuwa haka da kwalliya?"

"Zan raka ƙawata. Kai je ka ji da cittarka."

Fuskarsa ta canza. "Wani laifi na yi? So kike gari ya ce Gershon ya gaji da uwar matarsa?"

"Ba wanda ya ce haka."

"Za su ce. Kuma ke, Mama Asibi, in kika hau babur ɗin nan tare da mu, a hawan Kagoro za mu kwana."

"Ka ci gidanku, marar kunya. Da na goya ka ban ce ka yi nauyi ba."

Ya yi dariya, ya tayar da babur. Asibi ta buɗe baki, ta dube shi, ta dubi Milka, maganar ta maƙale mata ita ma. Sai ta matso kamar za ta gyara mata ɗankwali, ta raɗa mata, "In kika dawo mini da maganin maleriya, na rantse ranar Lahadi a sanarwar coci za ki ji shi."

Sun isa kafin ƙarfe takwas, suka tarar benci ya cika. Gershon ya kai kati, ya dawo ya ce su ne na talatin da bakwai. Ya samo mata wuri tsakanin wani dattijo mai kumburarriyar ƙafa da wata mai goyo, shi ya tsaya jikin bango.

Ta fara haɗa maganar a ranta. Da yarensu ta fara, ta ji ta yi nauyi, ta juya ta da Hausa. Likita, ina ganin jini. Kalma huɗu. Ta maimaita har sau goma. A karo na goma sha ɗaya aka turo wani ƙaramin keke ta gabansu, an lulluɓe shi da koren ƙyalle, ƙarafa na kaɗawa a ƙarƙashi, ƙyal-ƙyal-ƙyal. Kalmomin suka watse. Ta bi keken da ido har ya shige wata ƙofa mai marfi biyu. Irin ƙofar da Miriyam ta shiga ke nan.

Wata nas mai suna Patricia a ƙirjin rigarta ce ke kiran mutane. Kowa ya shiga, kafin ka ce kwabo ya fito da takarda. Goma sha biyar. Ashirin da biyu. Milka ta ji tsumman farko ya jiƙe, ta nemi ban ɗaki ta canza, ta dawo tana dafa bango. Gershon ya sayo mata ruwan leda da ƙosai. Ta karɓa ta riƙe, ba ta ci ba.

Tana iya tashi ta tafi. Ta ce ta warke, ta ce layin ya yi tsawo. Ta kalli ƙofar fita, rana na haske a waje, keke-napep na wucewa. Ta soma tattara jaka.

"Milka Azariya!"

Gershon ya riga ta miƙewa.

Likitan nan ne dai na zuwa biyun farko, Jamiluddeen, siriri mai tabarau, ɗan gidan masu sayen citta a babbar kasuwa. Da ƙyar in ya kai Gershon a shekaru. Wannan ma wani abu ne. Ubansa ya san ta, ya sha ɗora buhunta a sikeli.

"Mama, sannu. Yaya jiki?"

"Da sauƙi."

"Da sauƙi kika dawo?" Ya buɗe fayil ɗinta, ya juya shafi, ya koma baya. Wannan karon bai ɗauki biro ba. "Yuli, jiri. Satumba, baya. Yau kuma fa?"

Ta buɗe baki. Fankar sama na juyawa, takardun teburin na motsi. Likita, ina ganin. Likita.

"Gajiya ce, dokta," in ji Gershon. "Kakar citta ce. Na ce ta huta, ta ƙi. A ba ta allura mai ƙarfi, ƙwayoyin nan ba sa yi mata komai. Ita da kanta ta ce maganinku ba ya aiki."

"Haka ta ce?"

"A ko'ina take faɗa."

Likita ya taso ya zagayo. Ya ja fatar idonta ƙasa da yatsa, ya duba. Ya juya tafin hannunta, ya matsa farce. Ya daɗe yana kallon farcen.

"Kin sha maganin ƙarin jinin?"

Ta gyaɗa kai.

"Duka?"

"Ni na tsaya a kanta," in ji Gershon. "Safe da yamma."

"To ina jinin yake zuwa?" Bai cire ido daga kanta ba. "Mama, wata biyu kina shan maganin jini, idonki fari fat kamar takarda. Randa ba ta raguwa haka kawai. Akwai abin da ba ki faɗa mini ba?"

"Babu, dokta. Ni na san komai nata."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Nas Patricia ta leƙo. "Dokta, saura arba'in da ɗaya a waje."

Ya koma kujerarsa. Ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki biro. Milka ta san wannan biron. In ya taɓa takarda, an gama. Za ta fita da wata ledar magani, ta hau babur, ta koma bayan rumbu. Ta ga kanta a can ƙarara, ta ga Emilia ta zo da jariri a baya tana kiran Mama, Mama, kaji na tsattsagar ƙasa kusa da ƙafarta.

"Kun zo da ragowar magungunan? Bari in gani," in ji likita.

"Suna cikin jaka." Gershon ya sunkuyo ya kai hannu.

Ta damƙe jakar da hannu biyu.

"Mama, kawo in ciro masa."

"Baban Kevin." Muryarta ta fito siririya. "Je ka duba babur ɗinka."

"Na kulle shi, Mama. Har da sarƙa."

"Je ka sayo mini ruwa."

"Ga ruwa nan a hannunki ba ki sha ba." Yana murmushi, hannunsa na kan igiyar jakar.

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Gershon. Fita."

Ya saki igiyar kamar ta ƙone shi. Ya tsaya baki buɗe. Sunansa ne, amma bai taɓa jin sa daga wannan bakin ba. Ya dubi likita, likita ya nuna masa ƙofa da ido. Ya fita da baya, ya ja ƙofar a hankali har ta yi ƙaras.

Suka rage su biyu. Yanzu babu kowa a ƙeyarta, amma kalmomin huɗu ba su dawo ba. Ta zuge jakar, ta ture katin da magungunan gefe, ta ciro baƙar ledar. Ƙullin ya ƙi kwancewa, ta yage shi. Ta warware zanen zumunta a kan teburin, a kan fayil ɗin, a kan biron.

Jinin ya bushe ya yi baƙi, faɗin faranti biyu a kan farin ƙasan zanen.

Likita bai ja da baya ba. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Na yaushe ne?"

"Lahadi."

"Ya fara yaushe?"

"Shukar citta."

"Al'ada ta ɗauke tun yaushe?"

"Shekara takwas."

"Kullum ne, ko yana zuwa yana tafiya? Da gudaji? Da wari? Mara na ciwo?"

Abin mamaki, tambayoyin ba su da wuya. E da a'a ne. Ta amsa su ɗaya bayan ɗaya, tana kallon zanen ba shi ba. Ta faɗi ma abin da bai tambaya ba, tsumma nawa a rana, da yayarta, da Jos. Ya kira Patricia, ya ce na waje su yi haƙuri. Patricia ta ga teburin, ta naɗe zanen da kyau kamar wanda aka goge, ta sa a sabuwar leda. Ta ja labule, ta riƙe hannun Milka tun daga farkon dubawar har ƙarshe, tana cewa, "Saki jiki, Mama, ni ma mace ce. Yi numfashi. Saura kaɗan." Ƙarfen da aka duba ta da shi na da sanyi. Milka ta kafa ido a rufin ɗaki tana karanta Addu'ar Ubangiji, ta kai tsakiya ta manta, ta sake daga farko.

Da ta sauko ta gyara zane, likita na wanke hannu.

"Akwai wani abu a bakin mahaifa," ya ce. "Na ɗebi kaɗan, za mu aika a duba. Sati biyu. Yau kuma sai an auna jininki, wataƙila a ƙara miki."

"Za a yanka ni?"

"Ban sani ba tukuna. Ba zan yi miki ƙarya ba. Akwai irin da ake magancewa ba wuƙa, akwai wanda sai da ita. Sakamakon ne zai faɗa."

"Yayata an yanka ta ta mutu."

"Kin ce shekara biyu ta yi kafin ta zo. Ke wata shida."

Ta ce, "Da na faɗa tun zuwan farko fa?"

Ya goge hannunsa da tawul. "Da ya fi." Ya rataye tawul ɗin. "Ni ma da na fitar da shi tun ranar na tambaye ki ke kaɗai, da ya fi. Babana zai ji kin zo asibiti ne kawai in ke kika faɗa masa. Ranar da za ki dawo, ki zo da mace."

"Asibi."

"Ko wace ce."

Gershon na zaune a ƙarshen benci, hularsa a gwiwa. Ya miƙe da ya gan ta, bai dubi fuskarta ba. Ya karɓi takardar gwajin jini da hannu biyu, ya wuce gaba yana nuna hanya. A ƙofar ɗakin gwajin ya tsaya daga waje. Ba wanda ya ce masa ya tsaya.

Sai bayan la'asar suka kama hanya, an ƙara mata leda ɗaya ta jini, auduga manne a hannunta. Gershon da ya saba gudu ya riƙa tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, yana kauce wa kowane rami. Sun wuce layin dogo, sun wuce masu shanyar citta a kan duwatsu. Sai da suka fara hawa ya yi gyaran murya.

"Mama."

"Na'am."

"Emilia za ta tambaye ni."

"Ka ce mata ina zuwa. Ni zan faɗa mata."

Ya gyaɗa kai. Can kuma ya ce, "Likitan na yau fa? Ya iya?"

"Yana da tambaya da yawa," in ji ta.

Ta riƙe jakar a cinyarta. Kwana goma sha huɗu. Ta ƙirga su a yatsu, ranar ta faɗa Talata. Daga nesa ta hango Asibi tsaye a bakin hanya, hannu a ƙugu, tana jiran ta ga irin ledar da aka dawo da ita.